Ruwan Bai Wuce Gwiwa Ba

Jama'a, wannan labarin da kaina ya faru, ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Lokacin ina makanikanci a Gusau, garejina na bakin hanyar da ta nufi Tsafe, aikina gyaran motocin a-kori-kura, irin masu shan dizal ɗin nan da ke jigilar hatsi daga ƙauyuka. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, kuma abin da ya cuce ni ke nan, don kaina ya kumbura har na daina jin maganar kowa.

A waya na ga wani salo da masu gyaran mota na waje ke yi. Inji numfashi yake kamar mutum, in ya shaƙi iska mai sanyi ya fi ƙarfi. To sai a cire akwatin iyakilina, wato matatar iskar da motar ta zo da ita can sama cikin bonet, a sa faffaɗan bututu a sauko da bakinsa ƙasa bayan bamba, inda zafin inji bai kai ba, sannan a ɗan ƙara buɗe famfon dizal. Kai, ku zo ku ji ƙugi! Motar da ke nishi a kan tudu sai ka ga ta haye da buhu cike kamar ba kaya.

Mutumin da na fara yi wa shi ne Malam Haruna, direba ne ɗan Karakkai ta ƙasar Bungudu, aminina na shekara da shekaru, mutum mai sanyin hali wanda ko gardamar ƙwallo ba ya iyawa. Da bazara na yi masa aikin. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya kawo ƙanensa Lawali, mai bin ƙauyukan Tsafe da tasa motar, shi ma na sauke masa bututun.

To ga inda gizo ke saƙar. Direbobin ƙauye suna da ƙa'idarsu ta ƙetare rafi da damina: direba ya sauka, ya naɗe wando, ya shiga ruwan da ƙafarsa, in bai wuce gwiwa ba mota za ta wuce. Haka suka gada, kuma daidai ne, don hancin motar, wato inda take shaƙar iska, yana sama. Ni kuwa na sauko da hancin nan ƙasa da gwiwa. Na sani sarai, amma ban faɗa musu ba, don kada a ce aikina yana da aibi.

Da ruwan farko ya sauka Haruna ya zo, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bamba, ya ce, "Maigida, wanga bututu bai yi ƙasa da yawa ba kuwa?"

Na yi dariya na ce, "Kwalekwale za ka mai da ita? Kai dai riƙe sitiyarinka, ka bar wa masu sifana nasu."

Ya yi murmushi ya tafi. Ya sake dawowa bayan sati biyu, ranar kuwa ina fama da motar wani Alhaji da nake son in burge, na ce masa ya dawo jibi in ɗaga masa bututun. Aikin da bai fi a sha shayi a tashi ba fa! Jibin nan har yau ba ta zo ba, Allah ya yafe mini.

Wata Laraba cikin tsakiyar damina, bayan mun sallame Azahar, rana tsaye ƙwal a Gusau ko ɗigon ruwa ba a yi ba, sai dai tun safe muna hango hadari baƙi ƙirin ta wajen Bungudu. Ina kwance ƙarƙashin wata mota sai na ji sallama. Na juyo da kai, abin da na fara gani ƙafafu ne, ba takalmi, wando a naɗe zuwa gwiwa, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Na fito, ashe Haruna ne, jiƙe sharkaf har hula. Na miƙa masa hannu bai karɓa ba, na ɗauka baƙin man da ke hannuna yake gudu, sai ya wuce ya zauna kan bencina.

Na ce, "Kai kuma daga wace rijiya? Ina motar?"

Ya ce, "Ta sha ruwa."

Ni da shegen bakina har na fara tsokanarsa, na ce ai ga shi kai ma ka sha. Bai yi dariya ba. Ya dube ni, ba da fushi ba, wallahi da fushin ne da ya fi mini sauƙi, ya ce, "Na auna da ƙahwata, Maigida. Ruwan bai wuce gwiwa ba."

Nan take na san abin da ya faru da injin. Na shiga kame-kame, na ce a jawo ta zan gyara da hannuna. Ya girgiza kai ya ce, "Ba don tawa na taho ba. Ta Lawali. Ka ɗaga mashi kahin ya sake hita."

Na ce to, bari in samo maka busasshiyar riga. Na shiga shago, na zaro rigata daga ƙusa, na fito, babu kowa kan benci. Fili ne fa fetal, ba lungu ba kwana. Na tambayi Baba Audu mai faci, maƙwabcina da ke zaune yana fuskantar garejin, ya ce shi bai ga kowa ba, ya dai ji ina surutu ya zaci waya nake. Na ja shi muka je gaban bencin. Ga shatin zaman mutum nan jiƙe, ga ruwa ya taru a ƙasa inda ƙafafunsa suke, har da jan yashi irin na rafi. Baba Audu ya ja da baya yana salati.

Na kira wayar Haruna, a kashe. Na kira Lawali, ya ɗauka yana kuka, ina jin hayaniyar mutane. Ya ce suna bakin rafi, yanzun nan aka ciro gawar yayansa, tun da hantsi ake nema. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wai ya sauka ya auna kamar kullum, ya shiga, suna kaiwa tsakiya injin ya shaƙi ruwa ya mutu. Ruwan sama kuwa an yi shi can gaba, rafin yana ta ƙaruwa. Ya dinga fitar da fasinja ɗaya bayan ɗaya, mata da wani tsoho da ya goya, kowa ya tsira, ya koma ya ɗauko ƙullin kayan wata mata, sai ruwan ya kawo gaba ɗaya ya tafi da shi da motar.

Na je Karakkai aka yi jana'iza da ni, kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ya ƙare, amma ni na san sanadi. Washegari na ɗauki tsohon akwatin iyakilinar Lawali da ke jibge a shagona, na koma, na cire bututun nan na mayar masa da hancin motar sama. Ya tambaye ni dalili, ana cikin zaman makoki. Na kasa ƙarya, na faɗa masa komai, har zuwan da aka yi mini. Sai ya ce, "Da ka hwaɗa mashi awon gwiwa ya daina aiki, da bai shiga ba." Bai zage ni ba, bai kai ƙara ba, amma tun ranar bai sake taka garejina ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na kai wa limaminmu maganar. Ya ce mamaci ba ya dawowa, wataƙila aljani ne, wataƙila wani abu ne da Allah kaɗai ya sani, in yawaita yi wa Haruna addu'a. Ina yi. Amma har gobe ban san wanda ya zauna kan bencin nan ba, na dai san shatin ruwan bai bushe ba sai bayan La'asar, duk da zafin ranar nan.

Don Allah 'yan'uwana masu gyara, in ka taɓa wani abu a motar mutum ka gaya masa abin da ya canza, ko da zai rage maka kwarjini, kuma wanda ya zo da ƙorafi kada ka ce masa jibi. Ku kuma direbobi, ku san inda hancin motarku yake kafin ku yarda da gwiwarku. Ni dai na bar wannan salon har abada. Kuma duk damina, in ina ƙarƙashin mota na ji sallama, sai na rufe ido na fito gaba ɗaya kafin in duba, don ba na iya kallon ƙafafun mutum.