Wutsiyar Ayarin Saja Rabe

Yau shekara takwas cif da rasuwar Saja Rabe, mutumin garin Babban Mutum mazaunin Daura. Da yawa daga cikin masu karatu ba su san shi ba, don haka zan bi abin daki-daki, kamar yadda shi kansa yake son a bi komai. Sunana Idi, tsohon kofur ne ni. Na yi shekara shida a ƙarƙashinsa a bariki, na kuma yi shekara goma sha ɗaya ina binsa a kan babur bayan mun ajiye kaki mun dawo gida. Abin da zan faɗa a nan na gan shi da idona, har da laifin da ni na yi.

Zan fara da babur ɗin. A soja, aikin Saja shi ne kai saƙo a kan babur. Da ya yi ritaya sai ya sayi wani tsohon babur a gwanjo, irin wanda ko ɗan jari-bola sai ya yi tunani kafin ya taya. Wata bakwai ya yi yana kwance shi yana ɗaurawa a zauren gidansa. Oga Chidi, ɗan kabilar Ibo mai shagon kayan gyaran babur a bakin tasha, ya zo ya leƙa ya ce, "Saja, wannan abu ya mutu tun kafin in zo Daura. Ka bari a yi masa jana'iza." Saja ya ce, "Kai dai kawo fulogi, mu ga wanda zai ji kunya." Ranar da babur ya tashi, Oga Chidi ne ya fara tafi.

Ya ɗaura masa akwatin ƙarfe biyu a gefe, ɗaya na sifana da famfo da kayan faci, ɗaya na ruwa da bandeji. Ya sa masa babbar fitila. Da muka ce a yi masa koren fenti irin na soja, sai ya ƙi. Ya ce wanda ya mayar da kaki ya mayar da launinsa. Ruwan toka ya yi masa, kuma har yau babu babur mai koren soja a cikinmu.

Bayan babur sai ayari. Mu bakwai muka fara, duk tsofaffin sojoji. Daga baya farar hula masu sha'awar aikin soja suka shigo, har muka kai goma sha biyar. A cikinsu akwai Malam Ɗahiru, tsohon hedimasta, wanda ya nemi shiga soja sau biyu yana saurayi aka ce ƙirjinsa bai kai awo ba. Muna kiransa Manjo Alli, shi kuma yana amsawa da sarawa. Ya fi kowa goge babur, ya fi kowa tafiya a hankali.

Duk Asabar, ƙarfe bakwai na safe, muna jera babura a gindin darbejiyar ƙofar gidan Saja, a yi fareti. Faretinmu ba na maci ba ne, na duba babur ne: taya, birki, sarƙa, mai, fitila, sannan hular kwano. Wanda ya faɗi a ɗaya daga cikinsu ya koma gida, ko da shi ya haɗa tafiyar. Daga nan sai mu nufi Mai'aduwa, ko Mashi, ko Zango, wajen suna ko ta'aziyya ko gaishe da wani tsohon soja da jiki ya kwantar.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Saja shi ne shugabanmu, amma bai taɓa shiga gaba ba. Kullum shi ne na ƙarshe, kuma wannan gurbi shi ya raɗa masa suna wutsiya. Ko da rana tsaka fitilarsa a kunne take, domin duk wanda ya dubi madubi ya gan shi. In tayar wani ta sace, Saja ne zai tsaya. In mai ya ƙare wa wani, Saja ne. Mutanen gari suna yi mana dariya, suna cewa ina aka taɓa ganin shugaba yana shan hayaƙin mabiyansa? Wani ya taɓa jefa masa karin maganar nan cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Saja ya ce, "Ai labarin ne aikina. Na gaba hanya kawai ya sani. Ni na san mutum nawa ke kanta." A shekara goma sha ɗaya ba mu taɓa barin kowa a hanya ba.

Da Allah Ya karɓi ransa bayan gajeriyar jinya, muka kai shi Babban Mutum muka binne. Bayan sadakar arba'in muka zauna a gindin darbejiya, aka ce ni ne babba a cikin tsofaffin sojojin da suka rage, in riƙe ayari. Na karɓa. Sai aka zo maganar wutsiya, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ne na miƙe na ce babu wanda ya isa ya tsaya inda Saja ya tsaya, a bar gurbinsa a buɗe don girmamawa. Kowa ya ce madalla. Har wasu suka share hawaye. Mu sojoji mun saba girmama wanda ya faɗi ta hanyar barin wurinsa, kuma a ranar na ɗauka na yi magana mai kyau. Ban taɓa yin wauta irin wannan ba.

Tafiyarmu ta farko ba shi, suna muka je wani ƙauye a bayan Baure. Na shiga gaba, ayari ya biyo ni, Malam Ɗahiru ya zama na ƙarshe don dai ya fi kowa sanyin tafiya, ba don an ba shi aikin ba. Da muka sauka daga kwalta muka shiga yashi, sarƙarsa ta tsinke, babur ya kayar da shi ya danne masa ƙafa. Babu kowa a bayansa. Wayarsa ba sabis. Mu kuwa muka isa, muka yi barka, muka ci waina, muka sha fura, muka yi azahar. Sai da muka zo hawa za mu koma na ƙirga babura na samu goma sha uku maimakon goma sha huɗu. Awa huɗu ya yi a rana kafin wasu manoma su ɗauke shi a amalanke su kai shi wajen mai ɗori.

Da na je gaishe shi bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Kofur, na koyar shekara talatin, ban taɓa tashi daga aji ban kira suna ba. Ku da kuka yi soja, ashe ni kaɗai ne kuka kasa ƙirgawa?" Daga nan ya juya fuska ga bango. Ƙafar ta warke da ɗingishi. Ya rufe babur ɗinsa da tabarma a soro, bai sake zuwa fareti ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Farar hula suka ce ashe mu ba a bakin komai muke ba a wajen masu kaki, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekara ta zagayo mun koma mu huɗu. A gari ana cewa ayarin Saja ya bi Saja. Wannan magana ta fi ciwon fansho ciwo a raina, domin na san abin da mutum ya gina a shekara goma sha ɗaya ni na rushe shi da jimla guda.

Ga yadda na gyara, bi da bi. Da farko na tara mu huɗun na ce na yi kuskure, na faɗe shi da sunansa. Bayan haka na roƙi iyalan Saja su ba ni babbar fitilarsa, suka ba ni, Oga Chidi ya ɗaura mini ita bai karɓi ko sisi ba. Sannan na koma wutsiya, na sa doka cewa ba a tayar da babur sai an san wanda ke baya, kuma a kowace mararraba sai an tsaya an ƙirga. Mu huɗu kacal muna tsayawa muna ƙirga kanmu, yara suna yi mana dariya. Ban damu ba. Sannu ba ta hana zuwa. Duk Sallah kuma ina zuwa gidan Malam Ɗahiru in gaishe shi, in ce masa gurbinsa na nan. Shekara bakwai yana amsa gaisuwa yana barin sauran maganar.

Nakan tambayi kaina me Saja zai ce da ya ga yau. Na san zai ɗaure fuska ga samarin da ke fasa salansa suna cika gari da ƙara, suna ɗaga tayar gaba a bakin kasuwa. Zai yi tsaki in ya ji kuɗin litar mai. Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne yadda miyagu suka ɓata wa babur suna a ƙasar nan, har ya zama in an hango babura da yawa a jere sai gaban mutanen ƙauye ya faɗi. Amma zai kuma ga cewa mu in mun doso, da hulunan kwano, da tazara daidai, da fitila a baya, masu tsaro a shinge sun san mu, mutanen ƙauye suna fitowa su ɗaga hannu. Zai ga samari biyar daga cikin masu fasa salansar nan sun gyara ta sun shigo fareti, suna tsayawa a mayar da su gida saboda birki ba tare da musu ba. Ina jin a nan zai ɗan saki fuska, shi da ba ya yawan sakinta.

Asabar da ta wuce muka shirya zuwa Babban Mutum mu yi masa addu'a mu gaishe da danginsa. Mu goma sha takwas muka jeru. Ina tsakiyar duba sarƙa sai na ji wani babur yana tahowa a hankali kamar ana rakiyar amarya. Malam Ɗahiru ne, babur yana walƙiya, sandarsa ɗaure a gefe. Ya tsaya, ya sara, ya ce, "Manjo Alli ya dawo daga hutu. A duba ni." Na duba shi kamar kowa, tun daga taya har hular kwano, ban rage masa komai ba. Ya ci. Ya shiga gabana, muka bi ta Zango muka wuce Baure, ni da shi muka isa bayan kowa da kusan rabin awa. Ban taɓa jin daɗin makara irin ta ranar ba.

Bayan mun yi addu'a a maƙabarta mun ci abinci, za mu juyo, sai Malam ya tare ni ya ce, "Kofur, ka ba ni wutsiya zuwa gida." Na ce, "Malam, da wannan ƙafar?" Ya ce, "Da ƙafa ake ƙirga? Wanda aka taɓa mantawa a hanya ba ya manta kowa." Na duba tsofaffin sojoji, suka gyaɗa kai. Na ba shi. Farar hula na farko ke nan da ya riƙe gurbin.

Saja Rabe bai bar gidan bene ba, bai bar lambar yabo a bango ba, babur ɗinsa ma yanzu ba ya tashi. Abin da ya bari aiki ne, kuma na koya da tsada cewa ba a girmama mai aiki da barin aikinsa a kwance. Ana girmama shi ne da sa wani a kai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa aljanna ce makomarsa.

Da la'asar muka shigo Daura. Muka kashe babura muka jira. Can sai ga Malam Ɗahiru, ya kafe babur, ya zaro sandarsa, ya bi layi yana kiran sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsawa. Da ya gama ya zo gabana ya ƙame, ya ce, "Kofur, goma sha tara muka fita, goma sha tara muka dawo." Na ce a watse.