Tambayoyin Likita a Kan Ɗan Farina

Da kaka ne, an gama yankan gero ana jiran dawa. Shekarar ba ta zauna wuri ɗaya ba: ko'ina ana zuba kwalta, samarin Gwiwa sun watse birni leburanci, gonaki sai mu mata da tsofaffi. Ɗan farina ma ya tafi. Da ya dawo, ba shi ba ne. Ba barci, ba wanka, yana amsa wa mutanen da mu ba ma gani. An sha rubutu, an yi turare. Daga baya a asibitin Kazaure aka ce mu wuce Kano, wurin likitan ƙwaƙwalwa na gwamnati.

Ƙanin maigidana ne ya raka mu. Ni allura nake jira. Likitan kuwa, baƙo ne daga kudu mai Hausar koyo, ya auna yaron sama-sama, ya ja kujera ya zauna kamar mai zuwa gaisuwa. Sai tambaya.

"Mama, ke ce kika haife shi?"

A gaban yaron! A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta ce nata ne. Na sunkuyar da kai.

"Ɗan gidanmu ne, Likita," in ji ƙanin maigidana.

"Ya taɓa yin farfaɗiya? Ya taɓa buga kansa? Yaushe ya fara haka?"

Duk na sani. Na san zazzaɓin da ya kwantar da shi kafin ya tafi birni, na san ranar da ya fara rufe tagar ɗakinsa da tabarma. Bakina ya ce, "Oho, Allah masani."

Likita ya ajiye alƙalami. Ya ce ciwon da ya biyo zazzaɓi daban, wanda ya taso da kansa daban, maganinsu ba ɗaya ba ne, shi kuma ba ya ba da magani da ka. Yaron zai zauna a asibiti har a kawo uwarsa.

Muka fito ina ta juya maganar. A kawo uwarsa daga ina?

Ƙanin maigidana ya ce, "To matar yaya, mu koma Gwiwa mu ɗauko ki."

Ban yi dariya ba. Wata nas dattijuwa da ta ji mu ta tsaya.

"Inna, na fari ne ko?"

Na gyaɗa kai.

"Na sani! Ku da kunyarku sai kun kashe mu da aiki."

Na tambaye ta a hankali, anya wannan likita ne? Ta ce ya gama karatun likita kaf, irin na masu fiɗa da masu karɓar haihuwa, sannan ya ƙara shekaru a kan ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai. Na ƙara rikicewa. Ni da na yi yaƙi da jahilci, ko wata uku ban yi ba na fara haɗa baƙi. Shi duk wannan karatun, sai ya zo yana tambayata?

"Ciwon nan ba ya fita a hoto, Inna," in ji ta. "Abin da kika gani shi ne awonsa. In kin yi shiru, kin rufe masa ido."

Har yamma ina zaune a gindin darbejiya ban san wanne zan ɗauka ba. In na yi magana, me tsohuwata za ta ce da ta ji? In na yi shiru, yaron yana can bayan ƙofa, ana jiran wata mata da ba za ta zo ba.

Washegari da safe na roƙi nas ta fitar da yaron da baffansa daga ɗakin likita. Na shiga na zauna, na juya fuskata wajen bango, na ja mayafi.

Na ce, "Likita, akwai wani yaro da aka haifa a ɗakina da damina."

Na ji ya jawo kujerarsa kusa.