Aron Tuƙa a Kibosho

Shekara talatin da ɗoriya Aikande tana sauka daga ƙauyensu Kibosho da sassafe, ta yanko ciyawa a gangaren dutse, ta hauro da ita a ka. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse birni. Abin da ya rage mata gonar ayaba ce da saniya guda, Manka. Da madararta take shan shayi, da kashinta take yi wa gonar taki.

Shekarar da fari ya tsananta, ciyawa sai ta bakin titi. Ba a jima ba Manka ta daina tuƙa. Sai ta tsaya ta ƙobare baya tana cizon haƙora, kashinta baƙi ƙirin kamar kwalta. Aikande ta ɗura mata toka da gishiri, ta yi addu'a, abu sai gaba yake.

Dakta Urassa, likitan dabbobi, ya zo a babur ya duba ta. "Mama, ta haɗiyi abin da ba ya narkewa. Sai an buɗe ta."

A tsaye aka yi aikin. Aikande ta riƙe igiya, likita ya yi allura, ya tsaga kwiɓin hagu, ya zura hannu har kafaɗa. Leda, tsumma, guntun waya, sai da bokiti ya cika.

"Duk ni na ɗauko mata wannan a kaina?" in ji Aikande.

"Ba lokacin kuka ba ne, Mama. Baƙin kashin nan gyambon ciki ne, shi sai magani. Tumbin kuma ya mutu, sai tuƙar wata saniyar ce za ta farfaɗo da shi. A samo tuƙa daga bakin lafiyayyar saniya, a ɗura mata da ɗuminta, yau ɗin nan."

Duk tudun, fari bai bar wa kowa lafiyayyar saniya ba sai Ndesario, ƙanen mijinta, wanda shekara tara ba sa gaisawa saboda rabon ruwan gona. Ta same shi da abokansa suna shan giyar ayaba, ta durƙusa.

"Matar yaya, ɓatan hanya kika yi?"

"Baban Eliaichi, ba faɗa ya kawo ni ba. Abin da saniyarka ke taunawa nake roƙo."

Aka tuntsire da dariya. Ndesario ya ce, "Mutane na aron gishiri, ke kuma aron amai?"

"Yi dariyarka ka ƙoshi. In ta mutu, ban san me zai tashe ni da safe ba."

Ndesario ya ajiye ƙwaryar hannunsa. Can ya miƙe ya shiga garke, ya cusa hannu a bakin saniyarsa. Ta tauna masa babban yatsa har jini, ya dai fito da curin tuƙar. Aikande ta ƙunshe a ganyen ayaba ta kwasa da gudu, tana tuntuɓe. Kwana uku yana kawowa da kansa, ya ajiye ya juya, ba ko sannu.

Manka ta tashi, amma ta zubar da cikin da take ɗauke da shi, nono kuma bai ƙara dawowa kamar da ba. Har yau Aikande kan baza ciyawa a kan buhu ta tsince ta sili-sili, tana lalube da yatsu, don idon ya fara gazawa.