Ranar da Nagoggo Ta Ɓare Sabuwar Reza

Nagoggo ungozoma ce a Jibiya, gidanta na bayan shingen kwastan. Ta fi shekara ashirin tana karɓar haihuwa, tun daga Daddara har ƙauyukan hayin Nijar. 'Yan duwan, wato kwastan na Nijar, ba sa tambayarta takarda, don rabinsu ita ta yanke wa 'ya'yansu cibi.

Kayan aikinta guda ne, wata aska mai ƙotar ƙaho da ta gada wurin uwarta. Da ita take yanke cibi, da ita take yankan gishiri in naƙuda ta yi tsawo. In ta gama ta goge a tsumma, ta mayar kube. Mata na cewa askar na da albarka, ita kuwa ba ta taɓa musawa ba.

Shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji, asibiti ya turo wata nas mai suna Maimuna, ta tara ungozomomin gari a inuwar bishiyar bedi. Ta raba musu sabulu da kwalin reza, ta ce ciwon shawara yana bin jini, don haka mace ɗaya reza ɗaya, in an gama a jefa masai.

"Ke ɗiyar nan," in ji Nagoggo, "haihuwarki nawa?"

"Ban yi aure ba tukuna, Inna."

"To, in kin yi ki zo mu yi zancen."

Aka bushe da dariya. Nagoggo ta fi kowa ɗaga murya, don ita kaɗai maganar ta soka. Ta riga nas ɗin gani. Sau uku ta lura, in ta yanki mace mai rawayan ido, to wadda ta biyo bayanta ba ta cika wata uku sai nata idon ya juya. Ta sani, ta ƙi yarda ta sani. Rezar kwali kowace tsohuwa na iya ɓarewa. Askar kuwa ita kaɗai ke da ita, kuma saboda ita ake aiko mata da mota daga Maradi. Ta tura kwalin ƙarƙashin gado.

Da damina ta yi wa wata mata gishiri a Farfaru, idonta kamar gwaiduwa. Kwana biyu tsakani Hassana, ɗiyar Salmatu maƙwabciyarta, ta zo haihuwa, ta yi mata gishiri da askar nan. An yi arba'in lafiya. Daga baya Hassana ta fara ƙin abinci, fitsarinta ya yi duhu, ido ya rine. Aka yi ta ɗura mata saiwoyi. Ba ta ga kaka ba. Nagoggo ce ta yi mata wanka, ta zauna makoki kwana bakwai kusa da Salmatu, tana ba ta haƙuri da bakin nan nata.

Shekara ta zagayo, autarta Rabi'a ta zo gida haihuwar fari. Naƙuda ta tashi da hantsi. Salmatu ce ta fara shigowa, ta ɗaura zane a ƙugu, ta riƙe yarinyar ta baya. Wajen azahar jaririya ta faɗo. Salmatu ta miƙa hannu saman jeren kwalla ta ɗauko kuben.

"Ungo, Yaya. Albarkar gidanku."

Nagoggo ta dubi askar. Shekaranjiya ta yi aiki da ita a Riko, kuma ba ta ji daɗin idon matar ba. In ta karɓa, asirinta ya rufu har kabari. Ta dubi cibiyar jikarta tana harbawa.

Ta durƙusa, ta laluba ƙarƙashin gado, ta jawo kwalin duk ƙura. Ta ɓare reza, ta yanke, ta ɗaure.

Jaririya na ta tsala kuka. Salmatu ba ta sauke hannu ba.

"Mi askar ta yi, Yaya?"

"Ta dakushe."

Salmatu ta zare ta, ta gwada a bakin zanenta. Zanen ya rabu biyu ba ko ƙara.

"Tun yaushe kika sani?"

Nagoggo na da amsoshi da yawa, ta kwashe shekara tana tanadinsu. Ta watsar da su duka.

"Tun kafin Hassana," ta ce.

Salmatu ta ajiye askar a ƙasa a hankali. Ta gyara wa Rabi'a zane, ta ce mata barka da arziki, ta fita. Tun daga ranar Nagoggo ba ta sake karɓar haihuwa ba. In an zo kira, sai ta nuna hanyar asibiti. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Salmatu, suka yi shekara tara ba sa magana, kuma Salmatu ba ta taɓa gaya wa kowa ba.