Ina zaman makoki, bidiyona yana dariya

Muna zaune kan tabarma a Ɗanzomo, wajen zaman makokin Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, sai na ji muryata tana fitowa daga wayar wani: "Jama'a barkanmu da warhaka, yau fa akwai shagali!"

Gajerun bidiyoyin kasuwar dabbobi ta Maigatari nake ɗorawa. Da mabiya suka ƙaru sai na koyi dabara: ranar kasuwa in ɗauki na mako guda, in jera su, kowanne ya fita da kansa lokacin da na saita masa. Da rasuwar nan ta zo, sam na manta da su.

Kawu Sale, yayan marigayin, ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe. Ga ni nan ina ƙyalƙyala dariya, raƙumi yana cin hulata.

"Habu, yau ka yi wannan?"

"A'a Kawu, tun kafin rasuwar ne. Da kansa yake fita."

"Ba ka sanar da shi an yi rasuwa ba?"

"Ban sanar ba."

"To. Mu har Damagaram mun aika an faɗa. Kai naka yana cikin aljihunka, ka kasa."

Ya mayar wa mai waya wayarsa, aka ci gaba da addu'a.

Na sulale bayan masallaci in tsayar da sauran, na tarar babu sabis. A na gobe kuwa, rawa nake yi.

Masu jera bidiyo, ku wa yake kai wa naku labarin rasuwa?