Barkono a gemun Papa Nowel

Shekarar da muka sa ɗiyata jardan, makarantar ƙananan yara, a nan Diffa, ban taɓa jin sunan Papa Nowel ba. Ni ƴar Shetimari ce, lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, abin da na iya shi ne shanyar tattasai da dakan barkono. Yarinyar ce ta zo min da labarinsa. Wai wani tsoho ne na ƙasar Turawa, mai jar riga da farin gemu, yana zuwa ƙarshen shekara da buhun kado, wato kyaututtuka, yana ba yaran da ke jin magana. Tun daga ranar ta dinga share min tsakar gida da tsintsiyar da ta fi ta tsawo.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, iyaye ne ke sayen kayan su kai wa madam, malamar yaran, a ɓoye, tsohon ya miƙa kawai. An faɗa a taron iyaye, da Faransanci. Ina wurin, ina ta gyaɗa kai don kar a gane ban ji ba.

Ranar fet ɗin, bikin ƙarshen shekara, tsohon ya fito yana jan buhu, yana kiran yara ɗaya-ɗaya. Buhu ya ƙare, ɗiyata na tsaye gabansa da hannu biyu a buɗe. Da ya yi shiru ma da na haƙura. Sai ya kai lasifika bakinsa ya ce, "Ke ba kya jin magana, shi ya sa. Papa Nowel ya san komai!" Aka kwashe da dariya, har da manya.

Ni ƙafarsa na duba. Silifa ce, kuma babban yatsansa ba farce. Na san yatsan nan. Ƙanen madam ne, mai shagon kusa da lakwal inda nake sayen sukari.

Washegari na saya mata ƴar tsana, ta ƙi taɓawa, ta ce ba tsohon ne ya ba ta ba. Ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari. Tana cikin cin tuwo sai ta tsaya ta ce, "Inna, mi na yi?" Na ce mata mutum ne ya sa kaya, ta ce a'a, madam ta ce daga nesa yake zuwa. Maganar madam ta fi tawa nauyi a kunnenta.

Na je shagonsa na same shi.

"Malam, ka san abin da ka yi wa yarinyata?"

"Haba Hajiya, wasa ne fa. Ke ce ba ki kawo kado ba, ni mi zan ba ta, gemuna?"

Ya yi dariya, ya tambaye ni ko sukari nake so. Na juya, amma maganar gemun nan na tafi da ita gida na ajiye.

Da shekara ta zagayo, ni ce ta farko da ta ce za ta soya cincin na fet ta haɗa bisab, wato zoɓo. Kafin nan na aika wa innata a Shetimari ta turo min barkono, ƙananan nan da ko mai dakansu sai ta rufe hanci da kallabi. Na daka, na tankaɗe, na sake tankaɗewa. A biron madam, wato ofishinta, ake ajiye kulolin bisab, kuma nan jar rigar ke rataye, gemun auduga na cikin hula. Tsorona kar ya shiga idon ɗan wani, shi ya sa ban barbaɗa a waje ba. Na buɗe audugar ta ciki, daidai inda take kwanciya ƙarƙashin hanci, na shafa, na mayar.

Da farko ba abin da ya faru, har na ɗauka na yi rowa. Amma rigar mai kauri ce, rana kuma ta ɗaga, gumi ya tada barkono. Ya kira yaro guda ya yi atishawa. Ya kira na gaba, atishawar ta shiga lasifika kamar an fasa taya. Hawaye, majina, tari. Ya fizge gemu ya jefar da hula yana ihu, "Ruwa! Ku ba ni ruwa!" Ina tsaye kusa da kula, ludayi a hannu, ban motsa ba.

Ɗiyata da ta ɓuya bayan zanena tun fitowarsa ta leƙo. Ta daɗe tana kallo.

"Inna, ai mai shago ne!"

"Shi ne."

"To shi ya san abin da nake yi a gida?"

"Ko canji bai iya bayarwa daidai ba."

Ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Da muka koma gida ta ciro ƴar tsanar bara daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ta, ta goya.

Madam ta ce ƙila audugar ce ta tsufa. Sauran barkonon yana nan cikin kwalba, a bayan buhun gero. Na ji an ce bana ma shi ake lallashi ya sa rigar.