Kwanon Malam Bukar a Wajen Ciyayya

Har yau ban manta da ranar Talatar da na sa dattijo ya sunkuyar da kai a gaban mutane ba. Lokacin ina jami'ar lafiya a wani ƙaramin asibitin unguwa a Dala, shekarata ta tara a aiki, ni ke riƙe da ɗakin masu hawan jini. Ga wanda bai san tsarin ba, kowane mai hawan jini yana da kati, duk sati biyu zai zo mu auna jininsa da nauyinsa mu rubuta. Likita yana zuwa Talata da Alhamis, shi ke sauya magani. Namu shi ne awo da bayanin abinci. A lokacin faɗa ne da ni, har abokan aiki suna kirana Sajan a bayan idona, suna zaton ban sani ba.

Dattijon shi ne Malam Bukar, mai ɗinkin hula, daga cikin Barebarin da suka daɗe a cikin birni. Ya haura saba'in. Wata huɗu yana shan magani, jinin ya ƙi sauka, ga shi kullum sai ramewa yake. Likita ya sa an duba ƙodarsa, aka ga lafiya lau. Sai ya ce mini in zauna da iyalinsa: tsoho yana buƙatar abinci mai gina jiki, wake da kifi da ƙwai da nono, abin da za a rage shi ne gishiri da dunƙule da kanwa. Mutanenmu da an ce hawan jini sai su janye wa tsoho komai, su bar shi da kunu da tuwo, ƙarfinsa ya ƙare.

Na yi wa matarsa Hajiya Falmata bayani, ta kuwa riƙe. Amma bayan wata guda na ɗaura masa abin awo, jinin ya haura ɗari da tamanin. Raina ya ɓaci. A gaban layin mutane na ce, "Baba, ko dai ba ka shan magani, ko ba ka cin abin da aka ce. Shanyewar ɓarin jiki kake jira?"

Ya sunkuyar da kai, ya gyara hularsa. Hajiya Falmata ce ta ja ni gefe.

"'Yata, wallahi ina dafawa. Amma kwanon fita yake yi. Malam ba ya cin abinci a gida, ciyayya suke yi."

Ni 'yar birni ce, na san ciyayya, amma ban taɓa kawo ta a lissafin aikina ba. Su shida ne, shekara kusan arba'in, bayan magariba kowa a fito da kwanonsa zauren Malam Bukar, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Wato faten waken da aka dafa don mutum ɗaya, shida ke cinsa, shi kuma ya bi sauran kwanukan da miyarsu ta ji gishiri da dunƙule. Ba a tsallake kwanon maƙwabci, don gobe matarsa za ta ji labari.

Na ga abin ai mai sauƙi ne. Na koma na ce, "Baba, daga yau a cikin gida za ka riƙa cin abincinka, kai kaɗai." Har na rubuta a katinsa, na ja layi a ƙasa.

Ya ce, "To, Malama."

Sati biyu ya dawo, jinin ya ɗan sauka, na ji daɗi har na nuna wa likita. Likita ya dubi katin ya ce, "Kin duba nauyin?" Ya ragu fiye da kowane lokaci. Ranar awo ta gaba kuwa Malam Bukar bai zo ba.

Dokar aikinmu, wanda ya tsallake ranar awo sai a bi shi gida. Da la'asar na hau adaidaita, na ƙarasa da ƙafa ta cikin lungu. Na tarar da shi a tsakar gida kan buzu, hula a cinya, allura a soke, ba ya ɗinkin. Hajiya Falmata ta buɗe mini kwanon jiya, loma uku aka ci. Ta ce yanzu a zaune yake sallah, in ya miƙe jiri ke ɗibarsa.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, abincin ne ba daɗi?"

"Abinci ba laifi." Ya ajiye hular a gefe. "Malama, kin san Malam Idi?"

Ban san shi ba. Ya ce abokinsa ne tun suna makarantar allo. Matar Idi ta rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yansa suna nesa, ba mai dafa masa. Kullum yana zuwa zaure hannu biyu, ba wanda ya taɓa nuna ya lura, domin cikin kwanuka da yawa ba a gane wanda bai kawo ba. Kifin da Hajiya ke sakawa ma gabansa Malam Bukar ke turawa.

"Da na daina fita, sai aka watse. Idi kuma ba zai shiga gidan kowa ya ce a ba shi ba. Na aika masa kwano, ya dawo da shi a rufe. To ni ya zan haɗiyi kifi a ɗaki?"

Kunya ta kama ni sosai. Na raba mutum shida da layi ɗaya na biro, kuma har ina alfahari.

Washegari na sami shugabar asibitinmu na faɗa mata komai. Ta ce, "To Sajan, ke kika ɓata, ke za ki gyara." A gabana ta faɗa. Ta ba ni yammacin Laraba da abin awo ɗaya.

Amfanin zama mace a wannan aiki shi ne ba gidan da ba na shiga. Ni da Hajiya Falmata muka bi gidajen sauran abokan ciyayyar huɗu. Ba ko'ina aka karɓe ni da fara'a ba. Matar Alhaji Sule maƙeri ta ce, "Shekara talatin ina girki, yau za a koya mini miya?" Da a baya ne da mun kwashe ta. Sai na haƙura na ce ta bari in auna mijinta tukuna. Jininsa ya fi na Malam Bukar hawa, bai ma sani ba. Daga nan ita ce ta fi kowa tambaya. Muka tsaya a kan cewa kwanon da zai fita zaure a ɗebe masa miya kafin a ƙarasa zuba gishiri da dunƙule, a ƙara citta da tafarnuwa, kuma kullum gida ɗaya ya kawo wake ko kifi ko dafaffen ƙwai, bi da bi.

Ranar Juma'a aka sake shimfiɗa tabarma a zauren. Ban je ba, ba wurina ba ne. Hajiya Falmata ce ta ce mini kwanon ya dawo kamar an wanke.

Jinin Malam Bukar bai sauka a sati ɗaya ba, sai da likita ya ƙara gyara maganin. Amma bayan wata biyu nauyinsa ya fara dawowa. Wata Talata sai ga shi da wani siririn tsoho a bayansa.

"Malama, ga Idi, a buɗe masa kati. Kuma a tsaye na yi asuba yau."

Na ba Malam Bukar haƙuri kan abin da na yi masa a gaban mutane. Ya ce ya manta, ni dai ban manta ba.

Ku da kuka fara aiki yanzu, an koya muku ku tambayi tsoho me yake ci, ni ma haka aka koya mini. Amma tun daga kan Malam Bukar, kafin in ɗauki biro, abin da nake fara tambaya shi ne, "Baba, da wa kake cin abinci?"